Katin Baba Malam na Ƙarshe

"Ba nan ba ne," in ji Mai ɗinki, ta sake juya shafi. Ƙamus ɗin ya yi mata nauyi a cinya.

Baba Malam na kwance, numfashinsa na fita da ƙyar. Maƙwabcinta ne, bango ɗaya ya raba ɗakinsa da shagonta. Shekara talatin yana koyar da Turanci, da ya yi ritaya sai ya koma tara kalmomi. Kowace kalma da katinta: ma'anoninta a jere da lamba, asalinta na Latin a layin ƙarshe. Kwalin takalmi tara ya cika a ƙarƙashin gado. Ƙa'idarsa biyu ce. Ba ya rubuta asalin kalma da ka, sai an duba ƙamus. Kuma bai taɓa tashi ya bar kati bai kammala ba, ko da abinci zai huce. Tun da idonsa ya raunana, ita ke duba masa, ita ke rubutawa.

Da safe likita ya zo ya auna shi, ya ja ta ƙofa ya ce a kira 'yarsa. Auta ita kaɗai ta rage masa, kuma tafiyar awa biyar ce tsakaninsu. Ta taso, amma tayar motarsu ta fashe a hanya.

Duk da haka da hantsi Baba Malam ya ce a ɗauko kati. Kalmar "station" ce. Ya yi ta faɗa tana rubutawa: ɗaya, inda mota ko jirgi ke tsayawa, biyu, gidan rediyo, uku, inda aka ajiye ma'aikaci ya riƙe, huɗu, matsayin mutum cikin jama'a. Saura layin ƙarshe. A nan gabanta ya faɗi. Ta san mutumin nan: muddin katin bai cika ba, ba inda za shi.

"Sarauniyar allura," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "S kike nema ko kin tafi yawo?"

"Baba, rubutun ne ƙanana, kamar tururuwa."

"Ke da ke zura zare ba tabarau?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta saci kallon wayarta. Shiru. A waje wata mai kaya ta ƙwanƙwasa shagon, ta gaji ta tafi. Fanka na juyawa a hankali, ƙudan da ke kan kofin maganinsa bai ko motsa ba. Ƙirjin Baba Malam ya ɗaga, ya daɗe bai sauka ba, har ta miƙe tsaye.

"Zauna," ya ce. "Sau uku kina wuce shafin. Ni na liƙe shi da salatif, na san kukansa."

Ta zauna.

"Ina Auta ta kai?"

"Sun wuce gada, Baba. Kaɗan ya rage."

Ya lumshe ido. "To, ci gaba da nema. Ki nema a hankali, 'yar nan. Ƙamus ba ya son gaggawa."

Ta koma farkon S. Shafi ɗaya, ta dubi ƙirjinsa. Wani shafin, ta dubi ƙofa. Rana ta sauka daga taga zuwa ƙafar gado. Sau biyu ta kira sunansa bai amsa ba, sai ta ce da ƙarfi, "Na kusa, Baba!" sannan yatsansa ya motsa a kan zanin gado.

Babur ya tsaya a ƙofar gida. Auta ta faɗo ɗakin da takalmi ɗaya a ƙafa, ta durƙusa ta kama hannunsa.

"Baba, ga ni."

"Kin makara aji," ya ce. Ya juya ga Mai ɗinki. "Ba ta ƙamus."

Mai ɗinki ta buɗe shafin mai salatif nan take, ta miƙa. Auta ta share ido ta karanta: "Statio. Tsayuwa. Daga stare, a tsaya."

"Rubuta, Auta," ya ce.

Ta rubuta, ta sa masa katin a tafin hannu. Ya shafa gefensa da babban yatsa, kamar yadda ya saba. Bai ƙara magana ba.

Bayan an binne shi, Mai ɗinki ta jawo kwali na tara. Katin na da hannu biyu: nata a layi huɗu, na Auta a ƙasa, tawada ta ɗan jiƙe. Ta nemo gurbinsa cikin S, ta zura shi, ta mayar da murfi.