Gutsuren Tayil a Ƙofar Tanda

Da wani baƙin gari Farfesa ta yi suna. Garin sinadari ne: ka barbaɗa cokali ɗaya a tsohon man girki, cikin awa guda ya juya shi ya zama man inji, aikin da a da sai an kwana ana yi. Takardar da ta wallafa a kansa ta zaga duniya. Jami'o'i uku na ƙasashen waje suka ƙulla aiki da ita, har ta kai in kana son ganinta sai dai ka tare ta a filin jirgi.

Kwatsam sai ga wasiƙa. Duk ukun sun bi takardar layi-layi, sun gasa garinsu, amma man ko gezau. Cikin ladabi suka ce za su turo mutum biyu su ga yadda take yi da hannunta. Wanda duk ya san aikin ya san fassarar wannan ladabi: ana zargin ƙarya ta rubuta.

Hannunta fa? Rabon Farfesa da gasa gari shekara goma sha ɗaya ke nan. Baban Tanda ne ke yi, tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda ya koya mata riƙe kwalba tun tana ɗaliba. Bara ya yi ritaya, ranar sallamarsa ma tana can wani taro. Garin da ya bari cikin kwalabe shi ake ta ɗiba har yau.

Ana gobe baƙi za su iso ta zagaya ɗakin tana faɗa, a goge nan, a ɗauke can. A bakin tanda ta tarar da wani gutsuren tayil, ya yi baƙi ƙirin.

"Wace irin ƙazanta ce wannan?" ta ce, ta wurga shi kwandon shara.

Sau uku ta gasa gari a gaban baƙin, ƙofar tanda a rufe ruf kamar yadda takarda ta ce. Sau uku yana fitowa fari-fari kamar toka, man kuma yana zaune abinsa. Baƙin sai rubutu kawai suke a littafi. Wallahi da zagi suka yi da ya fi mata sauƙi. Kunya ta rufe ta har ta kasa haɗa ido da ɗalibanta.

Da la'asar ta nemi gidan Baban Tanda. Sai da ta yi tambaya sau biyu, don ba ta taɓa zuwa ba. Ta same shi a tsakar gida yana gyaran fanka.

"A'a! 'Yata, yau ke ce a gidanmu? Lallai za a yi ruwa da ƙanƙara."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwashe labari duka ta faɗa masa, kanta a ƙasa.

"Kin sa tayil ɗin?"

"Wane tayil, Baba?"

"Wanda ake tokare ƙofa da shi. Garin nan in bai sha iska kaɗan ba, shaƙewa yake. Faɗin ɗan yatsa kawai. Ai na faɗa miki tun farko. Kina waya a lokacin, kika ɗaga mini hannu."

Ta tuna kwandon shara, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ta ɗago, idonta ya faɗa kan bangon baranda. Takardarta ce a cikin gilashi, an rataye ta kusa da hoton jikokinsa.

"Jikata ce ta bugo mini," in ji shi. "Na ce ta duba can ƙarshe, wajen godiya. Ta ce an gode wa kamfanin da ya ƙera tandar." Ya yi 'yar dariya. "To, ai ita ma ta yi ƙoƙari."

Ya sunkuya gefen dakali ya ɓalli wani gutsuren tayil, ya auna da yatsa, ya jefa a aljihu.

Washegari ya zo da tsohuwar farar rigarsa, a goge tsaf. Ya tokare ƙofar tanda, ya zauna ya harɗe hannu. Gari ya fito baƙi wuluk. Kafin awa ta cika man ya juya, baƙin suka miƙe suna leƙa kwalba suna murna. An wanke sunan Farfesa.

Sai babbar cikinsu ta ɗauko takardar, ta ɗora yatsa a kan jerin sunaye bakwai da ke sama, ta dubi tsohon da girmamawa.

"Wanne ne nasa a nan?"

Baban Tanda ya buɗe baki zai rufa mata asiri, kamar yadda ya saba. Farfesa ta riga shi.

"Babu shi. Ni na rubuta jerin, kuma da hannunsa aka yi komai."