Kunyar Bayan Katanga

Ƙwaron na tsaye a kan ganyen dankalin Turawa, maganin feshi na ɗiga daga bayansa, yana goge fuska da ƙafafun gaba kamar wanda ya fito wanka. Budimir ya ajiye famfon feshi ya tsuguna yana kallonsa. Zane goma ne a bayansa, baƙi a kan rawaya. Ya sha ƙirgawa, bai taɓa samun mai tara ko sha ɗaya ba, kuma wannan abu na ba shi mamaki fiye da yadda ya kamata ga mutum mai shekara saba'in da huɗu.

Feshi na uku ke nan a watan Yuni, kuma rabin ganyen gonar ya zama kamar rariya.

Gidansu ne na ƙarshe a kwarin da ke gindin tsauni, kuma su kaɗai suka rage masu shuka dankali a wannan ɓangaren. 'Yarsu Jagoda, wadda ke aiki a wani ɗakin binciken aikin gona a birnin Nish, ta gaya musu tun ranar Ista cewa duk shekarar da gonar ta kasa ciyar da su har ƙarshen hunturu, za ta kwashe su zuwa gidanta, a bene hawa na bakwai. Stamena, matar Budimir, ta raka ta bakin mota. Sai da mota ta tafi ta gaya wa mijin cewa ita a ƙasa aka haife ta, ba ta da niyyar mutuwa a wurin da sai an leƙa taga ake ganin kan bishiya. A da ita ke bin kunyoyi da gwangwanin kananzir tana tsince ƙwarin da hannu tana jefawa a ciki. Bana gwiwa ta hana ta sunkuyo.

Jagoda ta zo ranar Asabar da hantsi. Ko kofi ba ta tsaya sha ba, ta wuce gona. Ta juya ganye ta ga ƙwai rawaya a jere, ta ga jajayen tsutsotsi sun yi ɓul-ɓul. Sannan ta sa uban ya fito da kwalaben magani daga rumfa, har da na shekarun baya, domin Budimir ba ya zubar da kwalba. Ta jera su a kan teburin da ke ƙarƙashin inabi tana karanta ƙananan rubutun. Sunayen daban-daban ne, in ji ta, launin takarda ma daban, amma gubar duk dangi ɗaya ce.

Ya tambaye ta ko maganin ne aka fara yi wa algus. Ta ce a'a, ƙwarin ne suka canza. A cikin jikinsu akwai wani sinadari da ake kira enzayim, aikinsa ya sassare guba kafin ta kai ga jijiya. Wasu suna da shi kaɗan, su ne feshi ke kashewa. Wasu ƙalilan an haife su da shi da yawa, sai su tashi, su hayayyafa, 'ya'yansu su gada.

"Wato almakashi ne a cikinsu," in ji Budimir, idonsa na walƙiya. "Ƙaramin tela zaune a ciki, yana yanka."

"Kusan haka ne, Baba. Amma ka daina murna, abincinka suke ci."

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yawansu. Ta ce ta ga gonaki da dama, amma ba ta taɓa ganin inda kusan babu wanda ya faɗi ba. Kamar wani ne ya zauna ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya.

Budimir ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce su biyo shi. Stamena ta dogara sanda ta bi su a hankali, har bayan tsohuwar katangar dutse inda ake tara itace, wurin da ta yi shekaru ba ta leƙa ba saboda ƙaya. A can akwai kunya guda ta dankali, tsawonta bai fi taku goma ba, ƙwari sun lulluɓe ta.

Ya yi bayani yana kallon ƙasa. Duk washegarin feshi yakan zaga gona da sassafe. Waɗanda ya tarar da rai a tsakanin matattu sai ya kwashe su a hula ya kawo nan, inda ba ya fesawa. Shekarar farko uku ne kacal. A ganinsa wanda aka shayar da guba ya miƙe bai cancanci a sake kashe shi ba. Kuma yana son ya ga ko za su yi wani abu dabam da sauran, ko zanensu zai ƙaru.

Stamena ta daɗe tana kallon kunyar.

"Shekara nawa?"

"Sha tara."

"Shekara goma sha tara ina tsinta, kai kana kiwo. Kai tsoho, da tumaki ka ba wannan kulawar da yanzu muna da garke."

Jagoda ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Da ta juyo idonta ya jiƙe, ba a san ko na dariya ba ne kaɗai. Ta ce gonar ba ta mutu ba tukuna. Za ta aiko da wani magani na dangi dabam domin ƙananan tsutsotsi, baɗi kuma a mayar da dankalin can gefen rafi. Amma manyan ƙwarin da ƙwansu sai hannu, kowace safiya, mako uku ba fashi. Mama ba za ta iya ba. Kuma dole a fara da wannan kunyar, in ba haka ba duk aikin banza ne. Idan ba zai iya ba, ya faɗa mata yau, ta sa a gyara musu ɗaki a gidanta.

Budimir ya dubi ƙwarin, ya dubi matarsa. Stamena ba ta roƙe shi ba. Tana tsaye ne kawai, hannu biyu a kan sanda, tana kallon tsaunin da ta saba gani kullum daga ƙofar kicin. Ya tafi rumfa ya dawo da gwangwanin kananzir. Ya kai shi ƙarƙashin ganyen farko.

"Dakata, Baba," in ji Jagoda. "Waɗannan da rai nake son su."

Ta ce a wurin aikinsu ana neman irinsu, domin a gane yadda telan nasa ke yanka. Ta ɗauko babbar kwalbar da ake jiƙa barkono a ciki, ta huhhuda murfin da ƙusa. Su biyun suka kwashe kunyar tsaf, ta tuge shukar ta ƙona. Ya tambaya ko za a riƙa ba su abinci. Ta ce ganye sabo kowace rana. Abin da ake yi musu daga baya ba ta faɗa ba, shi ma bai tambaya ba. Sai da ta ɗaure kwalbar a kujerar mota ya leƙa ta taga.

"A hawa na nawa za su zauna?"

"Na huɗu."

Ya girgiza kai cikin tausayi.

Washegari raɓa ba ta bushe ba ya shiga gona da gwangwani. Stamena ta sa ya kai mata kujera bakin kunya, ta zauna da gyale a kafaɗa. Yana tsinta yana gunaguni, yana ba kowanne haƙuri a hankali. Da ya kai tsakiyar kunya ta biyu ya wuce wani ƙaton ƙwaro mai sheƙi, ya yi kamar yana duba gajimare.

Sandar ta miƙo ta taɓa ganyen.

"Ka manta wannan, tsoho."

Ya dawo.