Tabon Kofur Bawa

Kanal Jalaluddeen Dodo yana fama da maƙala lambar girmansa a kan babbar riga, allurar ta ƙi shiga shadda, sai aka ce masa Wasila tana zaure.

'Yar Kofur Bawa ce, tsohon sojansa, wanda Kanal ya goyo a bayansa ya ƙetare gada da shi a yaƙin Laberiya, harsashi na zuba. A kan wannan aka ba Kanal lambar. Yau shekara talatin ke nan, Kanal ya ajiye kaki yana neman kujerar majalisar tarayya, kuma duk taron da aka yi sai an hau da Bawa dandamali, ya naɗe wando ya nuna wa jama'a ramin harsashin da ke cinyarsa. Kanal bai iya dogon jawabi ba, bai iya dariyar 'yan siyasa ba. Cinyar Bawa ce jawabinsa.

Wasila ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta ɗago kai ba.

"Baba Kanal, alfarma nika nema. Babana shi ka yi muna ladanci ga masallacin Ƙofar Marke. Yanzu dut unguwa Bawa Ɗaga-Wando aka ce mai. Surukaina sun gan shi cikin waya, cinya waje."

"Shi yac ce ki taho?"

"Shi? Ko cewa kay yi shi tuɓe rigar dut, tuɓe ta zai yi."

Kanal ya ji kunya, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ya ce ta tafi, ya ji.

A mota ya faɗa wa Sadiƙ, daraktan kamfen ɗinsa, mutumin da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai ta biki.

"Ranka shi daɗe, saura kwana tara zaɓe," in ji Sadiƙ. "In munka aje Bawa, mi za mu nuna musu? Abokin takararka rijiyoyi yag gina. Kai wagga cinya ag gare ka."

Kanal ya mai da fuskarsa ga tagar mota. Ya gaji da rana, ya gaji da ganguna, ya gaji da labarin gadar nan da kullum sai ta ƙara tsawo a bakin maroƙa. Bara mutum ɗaya ya goya, bana an ce bakwai.

Filin Ƙofar Taramniya ya cika bayan la'asar. Aka kira Bawa. Ya hau da ɗingishinsa, farin gemu har ƙirji, carbi naɗe a wuyan hannu. Tun kafin a ce masa komai ya sunkuya ya kama bakin wandonsa, matasa suka ɗaga wayoyi.

Kanal ya fizge makirufo daga hannun mai gabatarwa. Muryar da ta fito ba ta ɗan takara ba ce, ta filin fareti ce.

"Kofur Bawa! Miƙe!"

Tsohon ya saki wandon, ya haɗe dugadugai, ya ƙame.

"Ka yi aikinka, Kofur. An sallame ka. Tahi gida."

Bawa ya sara masa, ya juya yadda aka koya musu tun suna samari, ya sauka yana jan ƙafa. Idon Kanal ya ciko. Ya ɗauka filin zai yi tsit, a yi masa ihu ko a watse, kuma ya shirya wa hakan. Maimakon haka sai wuri ya kaure da kabbara da tafi, mata na guɗa, makaɗa suka ɗauka.

Sadiƙ ya matso kunnensa yana haki don murna.

"Wallahi wanga ya hi tabon! Gobe haka za mu yi ga Ƙofar Atiku."

Da Kanal ya sauko, sai ya tarar da Bawa tsaye jikin mota yana jiransa. Bai tafi gidan ba. Ya sake ƙamewa, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Oga, na yi daidai ko? Gobe ƙarhe nawa za a sallame ni?"