Ƙugiyar Garejin Auta

Da lemon tsamina aka fara. Na dawo daga kasuwa na ajiye leda, kafin in juya 'yata ta kwashe shi kaf, ta baje a teburin falo tana soka masa tsinken sakace. Karatun ƙarafa take yi a jami'a, shi ya sa ubanta yake kiranta Injiniya, rabi alfahari rabi tsokana. Shi mai walda ne, kuma a ganinsa babu abin da littafi zai ƙara masa a kan ƙarfe.

Ya shigo cin abincin rana, ya tarar ta haɗa wani abu kamar akwati, lemo ɗaya a kowace kusurwa, ɗaya kuma a tsakiyar ciki.

"Injiniya, yau kuma sana'ar lemo aka koma?"

"Ƙarfenka ne wannan, Baba. Haka ƙwayoyin zarrarsa suke jere, takwas a kusurwa, ɗaya a tsakiya. Ka ga waɗannan 'yan guraben da suka rage tsakaninsu? Can ake yin komai."

Ta ɗauki ƙwayar shinkafa daga farantinsa ta cusa tsakanin lemo biyu. Ta ce idan sinadarin gawayi ya shiga gurbin, sai ya matse maƙwabtansa, ƙarfen ya yi tauri. Amma akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta, haidurojin, wanda yake fitowa daga danshi. Shi ba ya zama wuri ɗaya, daga wannan gurbi sai wancan, har ya taru inda ƙarfen ya fi wahala.

"Shi ya sa ba a walda da sanduna masu danshi, musamman a ƙarfe mai tauri. Ranar farko za ka ga aiki sumul. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya tsage daga ciki, ido bai gani ba."

Maigidan ya yi dariya, ya kai loma baki, sai kuma ya daina tauna. Na san mutumin nan kamar yunwar cikina. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa yana laluben aljihu.

"Ƙarfe mai tauri... kamar sifirin mota?"

"Shi ma ya fi, Baba."

Nan na gane. Shekaranjiya maigidan ya yi wa ƙanena Auta ƙugiya da tsohon sifirin, wadda yake rataye injin mota da ita a garejinsa. Kuma na tuna ranar ya dawo yana mitar rufin shagonsa ya yi yoyo a kan kwalin sandunan walda.

Na ce, "Malam, da waɗanne sanduna ka yi wa Auta aiki?"

"Ai na goge su da tsumma."

Tsumma! Ban tsaya ba shi amsa ba, don da na buɗe baki da an ji mu a titi. Na kira Auta, waya tana ta ƙara ba a ɗauka. Na san tana aljihun rigar da yake ratayewa a ƙusa kafin ya fara aiki. Na sake kira, na sake. Na zari mayafi, takalmi ma wari da wari na saka.

Tasin da muka hau ta maƙale a cunkoso wajen mahaɗa. Direba ya kashe mota ya shiga ba mu labarin tsadar mai, ni kuwa ji nake kamar in shaƙe shi. Maigidan yana ta karkaɗa ƙafa yana cewa, "Ƙila ba komai, na yi irinta sun fi a ƙirga." Ba ni yake gaya wa ba, kansa yake lallashi. Muka sauka muka kama hanya da ƙafa, ina haki, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Daga bakin gareji na hango injin yana reto a sarƙa, ƙafafun Auta kuma sun leƙo daga ƙarƙashinsa, yana kwance a kan kwali yana kunce ƙusoshi har da 'yar waƙarsa. Ban yi sallama ba. Na kama ƙafafun nan biyu na ja shi a ƙasa kamar buhu.

"Yaya! Lafiya? Wa ya mutu?"

"Sauke injin nan," in ji maigidan.

Auta ya sauke shi a kan taya yana gunaguni. Maigidan ya cire ƙugiyar, ya juya ta a hasken rana. Waldar tana nan lafiya lau, gwanin kyau. Ya ɗora ta a kan kankare, ya buga mata guduma. Ba abin da ya faru.

Auta ya tuntsire da dariya. "Don wannan kuka yaga mini rigar aiki?"

Maigidan ya sake bugawa, ba ma da ƙarfi ba. Ƙas! Ta rabu biyu daidai gefen waldar. Fiye da rabin bakin karayar ya riga ya dushe, alamar ta jima da tsagewa daga ciki, ɗan abin da ya rage ne kawai yake ƙyalli.

Dariyar Auta ta tsaya. Ya dubi guntayen, ya dubi injin, ya dubi kwalin da yake kwanciya a kai, inda shatin kansa yake har yanzu. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Yaya," ya ce da ni a hankali, "tun safe nake ƙarƙashinsa."