Yashin Magen Hajiya Harira

Mero ba mai son kare ba ce, har sai da mijinta Isiyaku ya kawo Duna gidansu na Unguwar Rimi da sunan gadi. Gadin dai har yau ba a ga alamarsa ba. Duna ya zama ɗan gata, ya mallake lambun bayan gida, yana wuni a kwance tsakanin yakuwa da alayyafo kamar shi ya shuka su. Ba ya shiga ɗaki, kwanonsa ma daban yake, amma da Mero ta dawo daga ofis abin da take fara tambaya shi ne ko an ba shi abinci.

Abu ɗaya ke tayar da Duna daga kwanciya, wato magen Hajiya Harira. Hajiya maƙwabciyarsu ce, katanga kawai ta raba su. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse Abuja da Legas, ba ta da abokin hira sai wannan farar mage. Shekara da shekaru magen ba ta taɓa leƙo gidan Mero ba, sai bayan ƙaramar Sallah ta tsiri dirowa lambun kowace safiya, Duna kuwa ya bi ta a guje. Wata Asabar Mero ta ga farin gashi a bakinsa. In karen nan ya kashe magen nan, da wane ido za ta kalli matar da ta yi mata wankan jego lokacin da mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba?

"A dasa fasassun kwalabe a kan katangar, shi ke nan," in ji Isiyaku, idonsa na kan waya.

"Su yanke mata ƙafa ta koma gida tana jini? To, kai za ka je ka yi wa Hajiya bayani."

Isiyaku ya ci gaba da danna wayarsa.

Mero ta watsa ɓawon lemo a gindin katanga, don an ce mage ba ta son ƙanshinsa. Magen ta tsallake shi ko a jikinta. Ta ɗaure Duna, ya wuni yana kuka, ya ƙi cin abinci, har tausayinsa ya kama ta. Zuwa ta ce wa tsohuwa ta kulle magenta kuwa, wannan bakinta ba zai iya furtawa ba.

Ranar Lahadi ta sake ɗaure shi a gaban gida, ta ja kujera bayan zogale da kofin shayinta, ta ce yau sai ta ga me ake zuwa nema. Magen ta diro. Ko kallon kwanon Duna ba ta yi ba. Kai tsaye ta nufi inda Mero ta yi kaftu, ta tona rami, ta biya buƙatarta, ta binne tsaf, ta haye katanga abinta.

Dariya ta kama Mero har shayin ya zuba mata a zani. Sai a lokacin ta tuna. Gab da Sallah, Suhaib babban ɗan Hajiya ya zo ya sa aka shimfiɗa bulon intalok a tsakar gidan mahaifiyarsa kaf, daga bakin get har bayan kicin, kowa na ta sa masa albarka. Ko tafin hannu na ƙasa ba a bari ba. Ashe baiwar Allah ban-ɗaki aka rufe mata.

Da la'asar ta cika tsohon baho da yashin da ya rage musu na gyaran katanga, ta sa Isiyaku ya kama mata suka kai gidan Hajiya. Ta haɗa da kwanon dambu, don kada abin ya yi kama da ƙorafi.

"Mero 'yata, me nake gani haka? Gini za ki yi min?"

"Na mage ne, Hajiya. Na ga tana sha'awar ƙasar lambuna, na ce bari a kawo mata tata."

Hajiya ta kalli bahon, sannan ta sauke ajiyar zuciya. "Kullum na ji haushin karenku gabana sai ya faɗi. Na so in yi miki magana, kunya ta hana ni, kar ki ce ina sa muku ido a gida."

Mero ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Ashe su biyun tsoro ɗaya suke kwana da shi, kowace na kare fuskar 'yar'uwarta.

Kafin magen ta iso, Hajiya ta zare silifa ta nutsa ƙafa ɗaya cikin yashin, tana motsa yatsunta a hankali. "Suhaib don ya faranta min ya yi, ba zan ce masa komai ba. Amma tun da aka shafe gidan nan ƙafata ba ta taka ƙasa ba."

Da safe magen ta hau katanga ta zauna tana lasar hannu, ta kalli Duna, ta koma gida. Duna ya ɗaga kai ya mayar. Da yamma Isiyaku ya sake kama wa Mero wani bahon, wannan karon baƙar ƙasar lambu ce a ciki, da dashen yakuwa a tsakiya, suka ajiye shi dab da inda Hajiya take shimfiɗa tabarmarta.