Kayan Ɗakin Ikilima

Ranar da Musbahu ya karɓi mabuɗin ɗakin nan na unguwar Treichville, saura wata biyu a ɗaura masa aure da Ikilima. Ciki da falo ne a hawa na biyu, bangon duk tabon hayaƙi da ramukan ƙusoshin waɗanda suka tashi. Falon kuwa, in mutum uku suka zauna, na huɗu sai dai ya gaisa daga bakin ƙofa. Amma tagar tana kallon wajen ruwa, iska na shigowa da yamma, kuma Musbahu mutum ne da in ya sa abu a ransa ba ya jin kira.

A Treichville aka haife shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, mahaifinsa Alhaji Kailu ya rene shi tsakanin shago da makarantar Faransanci, daga baya tsufa ya mai da Alhajin Daura. Yanzu Musbahu yana aiki a wani ofishin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Takardar kwastan ko a barci aka tashe shi zai cike ta, amma Hausarsa tana ɗingishi, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa abin da mata ke yi a biki.

Abin da ya sani shi ne Inna Mero, mahaifiyar Ikilima, waina take soyawa a unguwar Adjamé tun rasuwar mijinta. Sai ya ƙudura a ransa zai ɗauke mata nauyi, ya gyara ɗakin tsaf ba tare da kowa ya ji ba, har ita amaryar. Niyya dai mai kyau, Allah ya sani.

Fenti sau biyu ya yi. Na farko da ya bushe sai ya fito kore irin na asibiti, dole ya sake da ruwan madara. Labule ya cinye masa Asabar uku a kasuwar Treichville, yana ɗaga yadi yana kallon haske ta cikinsa, har mai shagon ta daina tashi in ta hango shi. Ya shimfiɗa leda a ƙasa. Ɗanlami kafinta ya haɗa masa gado da ɗan tebur daga katakon akwatunan da ake zubarwa a tasha, ya goge su ya shafa musu mai, ka rantse daga kanti suka fito. Ya je hanyar Bassam ya yi ciniki har muryarsa ta dushe, ya dawo da kujerun saƙa guda uku. Ya kafa dogon madubi don falon ya yi kamar yana da faɗi. Duk yamma in ya taso aiki sai ya biya, ya matsa kujera ɗan taki ɗaya, ya ja baya ya duba, ya mayar da ita inda take.

Ranar Laraba da hantsi, saura kwana biyu ɗaurin aure, aka ce masa dangin amarya za su zo jere. Shi a tunaninsa zuwa za su yi su ga wuri, su ɗan ajiye tukwane. Ya sa farar riga ya tsaya a ƙofar gida da mabuɗi, baki har kunne.

Motar a-kori-kura ce ta tsaya, an lafta mata kaya har sun fi kanta tsawo: gado, katifa, kabet mai gilashi, kujeru, da ƙullin kwalla da kumbo da samira a cikin zannuwa. Gwaggo Ladidi, ƙanwar Inna Mero, ta sauko daga gaba, mata huɗu suka biyo ta daga tasi. Musbahu ya ga kayan, amma ya ja matan sama ya buɗe ƙofa.

"Wala, ga shi nan, Tanti! Komai ya gama. Ba sai an wahala ba."

Babu wadda ta shiga. Gwaggo Ladidi ta dubi labule, ta dubi gado, ta dubi kanta a madubi.

"Wa ke zaune a nan?"

"Ba kowa, Tanti. Ni na yi. Na Ikilima ne."

"Kai ka yi." Ta juya ta kalli matan. "Kun ji, shi ya yi." Sannan ta dawo kansa. "Yaro, wa ya ce maka 'yarmu ba ta da uwa?"

Musbahu ya fara bayani, Hausar ta gudu ta bar shi, ya koma Faransanci, Gwaggo ta ɗaga masa hannu.

"Naka bango ne da mabuɗi. Abin da ke ciki na uwar yarinya ne. Tun Ikilima na da shekara tara Mero ke tara kayan nan. Kowace Sallah kwalla ɗaya, kowace Sallah kumbo ɗaya, a bakin murhu ta samo su. Yau da safe duk kur ɗinmu, gidan hayarmu kaf, ya fito, aka yi guɗa, Hausawa da Julawa kowa ya ga abin da ta yi wa 'yarta. Yanzu so kake in juya da motar nan Adjamé, a sauke kaya a gaban mutanen nan, a ce ango ya leƙa ya ce ba su yi masa ba?"

A nan Musbahu ya gane. Ya hango motar tana shiga lungun nan na Adjamé da kayanta a ɗaure yadda suka fita, ya hango Inna Mero tsaye a bakin tanda. Kunya da tausayi suka rufe shi. Wata biyu yana jin kansa jarumi, ashe matar da yake son ya hutar ita ya kusa tozartawa.

"Fardon, Tanti, a gafarce ni. Kar motar ta tafi. A ba ni awa ɗaya."

Ya tuɓe farar rigar ya rataye a ƙofa, ya sunkuci kujerar farko. Lukumanu, direban a-kori-kurar, da ya ga abin na gaske ne, ya kama masa gado suka kwance. Hawa biyu, matakala mai lanƙwasa, sun yi sawu ya fi goma. Maƙwabta suka firfito, wata dattijuwa mai sayar da aceke, wato dambun rogo, a ƙasa ta ɗauka mai gida ne ya kore shi tun bai tare ba, ta dafa kafaɗarsa tana yi masa jaje da yarensu, "Yako, ɗana, yako."

Da ya kai hannu zai cire labule, Gwaggo Ladidi ta ce, "Bar wannan. Ba mu zo da na taga ba." Ta shafa bango da tafin hannu. "Fentin ma ba laifi." Daga nan suka kore shi suka rufe ƙofa.

Ya wuni a bakin titi zaune a kujerar saƙa, gadonsa jingine da bango, yana jin ƙarar kwanuka da dariyar mata daga sama. Bayan la'asar aka kira shi. Falon ya ƙara tsukewa. Kabet ya cinye bango guda, kwalla bisa kwalla har kusa da rufi, ja da shuɗi da fure-fure, ƙamshin turaren wuta ya kama ko'ina. Ko kusa bai yi kama da abin da ya zana a kansa ba. Ya tsaya yana ƙirga kwallayen, kowace ɗaya Sallah guda, har ya daina don idonsa ya cika.

Kafin magariba ya hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, zuwa Adjamé. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Mero, ita tana daga ciki bayan labule, don surukuta ba ta bari su haɗa ido.

"Inna, na yi kuskure. Ban sani ba."

"Ladidi ta aiko an gaya min. Kayan sun shiga duka?"

"Duka, Inna. Ko cokali bai rage ba."

Uwa ba ta zuwa jere, kuma ba ta taka ɗakin 'yarta da wuri. Shekara goma sha uku tana tara kayan, sai ga shi kowa ya ga yadda suka zauna ban da ita. Ta tambaye shi ina aka sa kabet, ya ce bangon da ke kallon ƙofa. Ta tambayi babbar kwalla mai jan fure, ya ce tana can sama a tsakiya, mai shigowa ita zai fara gani. Haka ya bi mata ɗakin kusurwa-kusurwa da gurguwar Hausarsa, tana gyara masa sunayen kwanukan, yana maimaitawa.

"To naka kayan fa?"

"Suna titi, Inna, gado da kujerun saƙa. Mai aceke tana duba min."

Labulen ya ɗan motsa. Ta gefensa ya hango cikin ɗakin: tabarma, fitila, da shatin wuraren da kayan suka yi shekaru a jingine.

"Ka kawo kujerun nan gobe," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun safe nake zaune, ɗakin ya yi min girma."