Sandar Hassane

Duk wanda ya zauna Greensboro ta Amurka a shekarun dubu biyu da 'yan kai ya san Malika, matar Ousseini mai sinuka, wasan nan na tura ƙwallaye da sanda bisa koren tebur. Da shi mutumin ya ci abinci a Ingila, har talabijin ana nuno shi, kafin hannu ya yi sanyi a sallame shi. Ya tare a Pleasant Garden da ke gefen Greensboro, ya cika gareji da tebur, mota tana shan ruwan sama a waje, wai yana shirin gasar da za ta mayar da shi cikin ƙwararru.

To, a garin nan wa zai kara da shi? Shi kaɗai yake abinsa. Ya buga nasa da hannun dama, in ya kuskure ya ɗauki wata sanda ya buga da hagu, ya ce na Hassane ne. Hassane kuwa ɗan'uwan tagwaicinsa ne, ya rasu a Maraɗi suna goye. Kun san tagwaye, ba a yi wa ɗaya abu a bar ɗaya. Komai biyu yake saye, sanda, falmaran, har alli.

Abin ya ishi Malika. Ranar da Seydou maƙwabcinsu ya yaba sandar Hassane, ta miƙa masa. "Ɗauka, Malam, mai ita ba zai nema ba."

Da Ousseini ya gani bai yi faɗa ba. Ya dubi bangon da ake jingine sandar.

"Malika, sanda ɗaya kika bar mana?"

"Ku wa? Ni mutum ɗaya na aura."

Washegari da azahar ta kai masa abinci. Ya buga da dama, ƙwallon ya lashi bakin rami ya fito. Sai ta ga ya mayar da sandar hannun hagu a hankali, kamar mai miƙa wa baƙo. Ƙwas, ƙwas, ƙwallaye suka yi ta faɗawa. Ya jera ya sake. Tuwo ya huce.

"Ousseini, karɓi mana!"

Bai waiwayo ba. "A wasan nan sai mutum ya kuskure ake karɓa."

Ba takalmi ta ruga gidan Seydou. Ashe ɗan banza ya yanke sandar biyu, matarsa ta rataye labulen kicin da rabi.

Mijin Malika ya tafi Ingila, ya ci gasar, da hagu. Ranar dawowarsa mata suka cika falo ana guɗa. Ya shigo da jaka, ya dubi Malika, ya ɗan rusuna.

"Sannu da gida, matar ƙanena."

Mata suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Masu zuwa gidan sun ce kullum tana gareji kan kujerar roba. In ya sunkuya zai buga, sai ta yi tari, ko ta saki murfin tukunya ƙasa. Har yau bai kuskure ba.